Lambobin da Meshach Ya Keɓe

A cibiyar jarrabawa ta Hajiya Salihatu da ke Kontagora akwai saba guda ɗaya, babbar kwamfutar da ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci marasa jiki a cikinta, kowane ɗalibi da tasa. Kowace kuwa sai an ba ta lambar adireshi kafin ta shiga netwok. Meshach ne ya tsara rabon lambobin tun farko, Jabir yana koyo a hannunsa, har Allah Ya karɓi ran Meshach bayan gajeriyar jinya.

Ana gobe jarrabawa, Jabir ya tayar da sababbin kwamfutoci, amma suka ƙi shiga. Lambobin da aka ware wa ɗalibai sun ƙare. Da ya duba tsarin sai ya ga wani yanki na lambobi a kulle, da suna a kansa: Rijau. Meshach ya keɓe shi ne domin reshen da yake burin buɗe wa yaran garinsu. Sake tsarin gaba ɗaya kuwa ba aikin yini ba ne.

"Buɗe mana, Jabiru," in ji Hajiya. "Saba tawa ce ko ta wani?"

"Taki ce, Hajiya. Amma shi ya ajiye su da niyya. Ba na taɓa ajiyar mamaci sai magada sun yarda."

"Lamba ce fa, ba gona ba! Gobe yara su zauna suna kallon bango?"

Jabir ya tashi ya fita. Tun ranar binnewa bai yi kuka ba, bai kuma ji daɗin komai ba. Abinci da aiki duk ɗanɗanonsu ɗaya. Ya tari ɗan acaɓa zuwa gidan marigayin.

Ya tarar da Helen, matar Meshach, zaune a tabarma tana tsince wake, idonta ba a kan waken ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani gwargwadon iyawarsa.

"Akwai hotonsa a ciki?" ta tambaya.

"Babu, Maman Happiness."

"Muryarsa fa?"

"Babu komai. Gurabe ne kawai, ba kowa a cikinsu."

Ta ajiye waken. "Shi ke nan abin da ya bari a wurinku? Gurabe?" Ta ɗan murmusa, murmushin da bai kai ido ba. "Kullum Rijau, Rijau. Har na gaji da ji. Yaran na gobe, ba 'ya'yan mutane ba ne?"

"'Ya'yan mutane ne."

"To, ka ba su, ƙanina. Sunan dai kada ka goge."

Ya koma cibiyar bayan azahar. Ya ce bismillah, ya cire kullen, ya haɗa yankin da na ɗalibai, ya bar sunan yadda mai shi ya rubuta. Kwamfutocin suka riƙa karɓar lambobi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta nuna kore a ƙarƙashin kalmar Rijau.

Hajiya ta leƙo. "Sun shiga?"

"Sun shiga."

"Alhamdu lillahi."

Jabir ya maimaita hamdalar, domin ta wajaba. Ya zauna yana kallon allon har gurbi na ƙarshe ya cika, yana jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa. Da aka kira la'asar sai ya tashi ya ɗauki buta.