Amfilifayar Maƙwabcina

Ina cikin goge kanta sai ga maƙwabcina ya shigo shagon kayan sauti da nake aiki. Bango ɗaya ne tsakanin falonsa da ɗakina, kuma wata huɗu ke nan ba ma ga maciji, tun ranar da ya sauke wasu dogayen sifiku masu tsadar tsiya. Da ya gan ni ya yi turus, amma girman kai ya hana shi juyawa.

"Amfilifaya nake so, mai ƙara wa sifiku ƙarfi," ya ce, yana kallon silin. "Ƙarama ma ta isa."

"Ai ƙaramar ce ta kashe mu," na ce. "Wadda kake da ita ba ta iya ɗaukar sifikun nan naka. Kana murɗa ta har ƙarshe tana shaƙewa, muryar mutane ta koma kamar ana yaga kwanon rufi. Kai ba ka da kunne ne?"

"Malam, ba zagi na zo saya ba."

"Ni ma ban kama haya don in ji fim ta bango ba. Ran Asabar sau uku ka maimaita wurin da jirgi ya fashe, har hoton mahaifiyata ya faɗo."

Na rungumo wadda ta fi duka nauyi, na dire masa a gabansa.

Ya harare ni. "Wannan ai ta fi tawa ƙarfi. Me kake nufi?"

"Na roƙe ka ka rage, ka ƙi. Tunda dole sai na ji, wallahi na gama jin ƙazamin sauti."