Direban Jirgin Malam Ɗantsoho

A Daura babu layin dogo, amma wannan bai hana Malam Ɗantsoho mallakar kan jirgin ƙasa ba. Tsawon jirgin kamu ɗaya da rabi, yana zaune a kan wani katako a zaurensa, kuma shekara uku aka yi ana ƙera shi.

Ɗantsoho ya yi shekara goma sha huɗu yana zuba kwal a jiragen hayaƙi tsakanin Kano da Nguru, har aka kawo masu shan dizal, aka mai da shi ofis yana buga hatimi. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sa'o'insa suka kama noma da kiwon raguna, shi kuwa ya sayi almakashin yankan gwangwani da ƙarfen narka dalma. Tukunyar tururin gwangwanin madara ne biyu a haɗe. Ƙusoshin jikin taragon kwal da ruwa kawunan fil ne, ɗari huɗu da sittin, kowanne ya yanke shi ya dasa da hannu. Kwal ɗin gawayi ne ya daddaka ya manne da ƙaro. Da ya gama shafa fenti, sai ya bi ya ɓata shi da baƙin gindin tukunyar matarsa Hajo da ɗigon baƙin mai, don a cewarsa bai taɓa ganin jirgi mai tsabta ba sai a kalanda.

Abu na ƙarshe da ya sa shi ne direba. Marigayi Hamma ne, wanda ya koya masa riƙon shebur, ya kuma raba ƙunshin furarsa da shi tsawon shekarun nan. Da dalma ya zuba shi, bai kai babban yatsa ba, hula a karkace, gwiwar hannu a kan taga. Har karyayyen hancinsa ya fito. Tun daga ranar, in Ɗantsoho ya fito da safe yakan ce, “Hamma, an tashi lafiya?” a hankali, yadda ba za a ji daga cikin gida ba.

A shekarar da aka soma aiki da Shari'a aka sa Malam Maliki cikin kwamitin unguwa na masu wa'azi. Maliki yayan Hajo ne, taubashin Ɗantsoho kuma, wato mutumin da Allah Ya ba izini biyu na shiga harkarsa. Wata Litinin bayan la'asar ya shigo zauren, ya gyara tabarau, ya leƙa cikin jirgin.

“Wannan wane ne?”

“Direba ne.”

“Na ga direba ne. Da ido da hanci. Kai Ɗantsoho, ka je dogo ka dawo mana da gunki?”

“Wa ka ga yana bauta masa? Kai da ko jirgin ba ka taɓa shiga ba, iyakarka motar Mai'adua.”

“Motar Mai'adua direbanta Allah ne Ya halicce shi.” Maliki ya zauna a kan tabarma ya naɗe ƙafa, alamar karatu za a yi. “Jirgi ƙarfe ne, ba shi da rai, ka yi ɗari in ka ga dama. Amma siffar mai rai, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da take. Ko ka fitar da shi, ko ka cire masa kai. In babu kai, an gama magana.”

“In cire wa Hamma kai.”

“Dalma za ka cire wa kai. Hamma yana inda yake, Allah Ya jiƙansa. Ranar Juma'a in an sauko zan biyo in gani.”

Da a tsakaninsu kaɗai maganar ta tsaya, da Ɗantsoho ya ja ta har damina. Amma Hajo ta kawo ruwa ta ji komai. Ita shekara uku ba ta ce uffan ba a kan gwangwanayenta da ke ɓacewa da sauran madara a ciki. Wannan karon kuwa ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, ni dai ba zan zauna a gidan da mala'iku ke tsayawa a waje ba. Zauren nan kaɗai ne hanyar shigowa.”

Ranar Talata Ɗantsoho ya ɗauko zarto ƙarami ya ɗora a wuyan Hamma. Ya daɗe a haka. Hancin nan ya yi ta kallo, ya tuna kwana huɗun da ya yi kafin ya samu karkatarsa daidai. Ya mai da zarton cikin akwati.

Ranar Laraba ya ciro Hamma ɗungum ya sa a aljihu. Jirgin ya koma kamar waɗanda ya gani an jere a bayan tasha ciyawa ta fito musu ta taga. Ga wuta, ga kwal, ba kowa. Ya shiga cikin gida cin tuwo, Hajo ta dubi aljihun rigarsa da ya rinjaya gefe guda.

“Da yana zaure, yanzu ka shigo da shi har ɗaka.”

Ya fita ya mai da shi.

Ranar Alhamis da hantsi Hajo ta same shi zaune gaban jirgin, ya zabga tagumi. Ta ajiye masa koko, ba ta tafi ba. Ta leƙa tagar ita ma, karo na farko.

“Shi wannan bawan Allah haka yake tsaye kullum? Daga Kano har Nguru ba ya sauka?”

“Yana sauka mana. In mun tsaya shan ruwa a Malam Madori.”

“Ya yi me?”

“Salla.” Ɗantsoho ya gyara zama. “Ya tuɓe manyan takalman aikinsa ya bar su a bakin ƙofa, ya rataye hular a hannun birki, ya ɗauki buta ya sauka da silifa. Ni in zauna in tsare wuta. Turawan ma sun san da haka, ba mai cewa a tashi sai ya dawo.”

“To,” in ji Hajo, ta ɗauki kwanon jiya ta shige ciki.

Kokon ya huce a inda ta ajiye shi. Ɗantsoho ya hura gawayi, ya ɗauko ɗan cokalin ƙarfen da yake narka dalma. Ya ciro Hamma, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya kwantar da shi a cikin cokalin ya kau da kai. Dalmar ta isa takalma biyu da hula ɗaya. Takalmin hagu ya goge masa dunduniya ta waje, don haka Hamma yake cinye nasa. Igiyoyin takalman zaren ɗinki ne, a kwance.

Ranar Juma'a da aka sauko Maliki ya biyo kamar yadda ya ce, da babbar riga da ƙamshin turare. Hajo ta tsaya bayan labule. Ya gyara tabarau ya leƙa. Ya ga takalma biyu ƙanana a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan kife, ya ga hula a hannun birki. Ya sake leƙawa ta ɗaya tagar, ko an ɓoye wani abu a bayan kwal.

“Ina direban?”

“Ya sauka salla.”

Maliki ya miƙe tsaye ya dubi taubashinsa. Shekara talatin yana amsa fatawa, ba a taɓa kawo masa mutumin da ya bar aiki don salla ana neman a hukunta shi ba.

“Wace salla?”

“Azahar.”

“Daga Kano ya taso?”

“Daga Kano.”

“To matafiyi ne, ƙasaru zai yi, raka'a biyu.” Ya sake sunkuyawa ya dubi takalman, ya sa farce ya gyara wanda ya kife. “Kuma ka gaya masa ba a barin takalmi a kife.”

“Bar shi yadda ka gan shi, haka yake barinsa.”

“Shi ya sa ka fito haka, ashe wurinsa ka koya.” Ya juya wajen labule. “Hajo, ba a ba baƙo ruwa a gidan nan ne?”

Ta fito da kwanon sha. Ɗantsoho ya jira har Maliki ya kai kwanon baki, sannan ya sa yatsa ya sake kifar da takalmin.