Tayin Alhaji Ɗantsoho

Alhaji Ɗantsoho ya juya takardun shaidar karatun yarinyar kamar mai duba haƙoran tsohon sa, ya taɓe baki, ya tura su gefe. A karar shanu ta Maigatari ya girma, kuma can ya koyi cewa abin da kake so shi kake kushewa, ka juya baya, mai kaya ya biyo ka. Da ya koma fataucin riɗi, da wannan hali ya taho.

Matsalar kuwa babba ce. Turawan da ke sayen riɗinsa sun ce daga bana ba za su ɗauki ko buhu ba sai an nuna musu gonar da ya fito, da hasashen amfanin da za a samu tun kafin girbi. Manajansa George, mutumin Filato da ya tsufa a Gumel, ya ce wannan aikin masu nazarin bayanai da kwamfuta ne, kuma rububinsu ake yi. George ya yi ta cigiya, mutum guda ya amsa: Naja'atu, 'yar Malam Sha'aibu na Sule Tankarkar.

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna masa gonakin Gagarawa daga sama, ta faɗi inda riɗi zai yi da inda ruwa zai yanke masa. Alhaji ya san gaskiya ta faɗa. Sai ya ƙara tsuke fuska. Ya ce ta yi ƙanƙanta, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, na'ura kuma ba ta jin ƙamshin hadari.

"Je ki, 'yata. In mun rasa, ma neme ki."

Ta yi godiya ta fita. George ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a wannan kasuwar mu ne kayan, ita ce mai saye."

Alhaji ya ce da shi ya tsaya ga lissafinsa, kafin kasuwa ta zagayo za ta dawo da ƙafarta. Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci. Sauran da George ya lalubo a waya, da sun ji Maigatari sai su ce ba sa wuce Kano. Turawa suka fara jinkirin amsa saƙo.

Da abin ya ishi Alhaji, ya sa babbar riga ya nufi Sule Tankarkar. Malam Sha'aibu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ba shi haƙuri, wai Naja'atu tana kan aiki. Wani kamfani na ƙetare ya ɗauke ta, daga ɗakinta take yi musu. Alhaji ya zauna yana jiyo Turancinta ta bayan katanga har aka kira la'asar.

Ta fito ta durƙusa. Ya buɗe baki ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya yabe ta, ya ce babu kamarta a ƙasar Gumel, ta faɗi duk abin da take so.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta, kanta a ƙasa. "Na riga na yi musu alkawari."

A hanyar dawowa riɗi ya yi fure fari tas, hagu da dama. Manoma suka gane motar, suka riƙa ɗaga fartanyu suna gaisuwa. Alhaji ya ce wa George, da ke tuƙa shi, ya ɗaga gilashi.