Gidan Hajiya Amatu a Kan Faranti

Galib ya yi shekara da shekaru yana lilo da igiya a jikin dogayen gidajen tsohon birnin Sana'a na ƙasar Yaman, yana yi musu ado da farar ƙasa. Ranar da igiya ta tsinke Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙugunsa bai sake daidai ba. Ya koma zaman ɗaki, ba ya kula kowa, ko miyar salta aka kawo masa da zafinta sai ya ture.

Matarsa Taƙiya ba ta iya lallashi ba. Wata safiya ta dire masa kwanon laka da ragowar farar ƙasarsa.

"Baban Mu'az, ƙugu ne ya karye, ba hannu ba. In gidan mutane ya fi ƙarfinka, gina wa ɓeraye."

Haushi ne ya sa ya fara. Ɗan gidan farko ya tsage kafin ya bushe, na biyu ya karkace kamar mai ciwon wuya. Da ya koyi cuɗa lakar da ƙaiƙayi, sai ƙananan gidaje suka fara tsayawa, tsawon kamu ɗaya, da tagoginsu na fasassun kwalabe masu launi. Taƙiya tana jera su a bakin taga, masu wucewa suna saye.

A daminar nan ruwa ya kayar da gidan Hajiya Amatu, tsohuwar da aka haifa a cikinsa. 'Ya'yanta sun mayar da ita sabuwar unguwa, ta daina magana. Babban ɗanta ya zo ya roƙi Galib ya yi mata ƙaramin kwatancin gidan da laka, tunda shi ya yi masa adon ƙarshe. Galib ya tsorata, ya ce bai taɓa yin gidan da wani zai gane ba. Amma ya karɓa.

Ya gina shi bene shida, da ɗakin hira a can ƙoli, har da tabon hayaƙi a saman tagar madafa. Da ya gama ya ƙi a ɗaukar masa. Ya ɗora a faranti, Taƙiya ta riƙe gefe guda, ya dogara sanda suka ratsa kasuwa. Masu sayar da zabibi suka miƙe, maƙera suka ajiye guduma, kowa yana nunawa yana kiran sunan gidan. Tsofaffin abokan aikinsa suka bi su har bakin motar da ta kai su sabuwar unguwa.

Hajiya Amatu ta daɗe tana kallo. Can ta ɗora yatsa a wata taga ta bene na huɗu.

"Nan na haifi wannan ƙaton," in ji ta, tana nuna ɗanta. "Galib, ɗan nan, wa ya ce maka ka zauna a ƙasa? Ku ba shi matashi, ku kawo gahawa."

Ta riƙe su da labarin gidan ɗaki bayan ɗaki har la'asar, jikoki sun kewaye farantin, Galib yana ta dariya.