Takardu Biyu a Gwangwanin Kofi

Shekara ashirin da tara na yi ina kiwon tumaki a duwatsun Wyoming, a Amurka. Sanyi ya cinye mini yatsu biyu, ban taɓa karanta baƙi ko ɗaya ba, kuma ga ni nan daram. To, a cikin duk 'yan Peru da na ga sun zo sun wuce, babu makiyayi irin Teofilo Huaman.

Bizarsa ta aiki ta kusa ƙarewa. Maigidansa Orval ya tura takardar neman a ƙara masa wa'adi, amma Teofilo ya gaji: murhun ɗakin mai taya da yake kwana a ciki ya lalace tun kaka, fasfo ɗinsa kuwa yana kulle a ofishin Orval. Sai surukinsa ya samo masa aiki a jihar Colorado, wajen wata mai garke, Madam Luanne. Ita ma ta tura tata takardar. Ya naɗe kwafin duka biyun ya cusa a gwangwanin kofi.

Ta Colorado ce ta fara fitowa, da sharaɗi: ya isa ranar ɗaya ga Afrilu. In kwana biyar suka wuce ba a gan shi ba, dole matar ta sanar da hukuma, takardar ta mutu ke nan.

Ranar da saƙon ya shigo wayarsa, tunkiya ta farko ta haihu. Saura ɗari tara, ga ƙanƙara har gwiwa.

Anacleto, dattijon da ke kawo wa makiyaya abinci da ruwa, ya iso da motarsa. Teofilo ya nuna masa wayar.

"To me kake jira, ɗana? Shiga mota in ajiye ka bakin titi. In an tambaye ni, kura ce ta ɗauke ka."

"Tumakin fa, Baba?"

"Tumakin ubanka ne? Ko cikinsu akwai wadda za ta buga maka hatimi?"

Teofilo bai yi dariya ba. A ƙauyensu, wanda ya bar garke a daji ya tafi, ko gaisuwarsa ba a amsawa. Ya ce, "Ka gaya wa maigida ya turo wanda zai karɓe ni. Ina miƙa masa sandar, zan tafi."

"In gaya masa? Kai, ashe sanyi ya taɓa maka kai."

Amma ya nace, Anacleto ya kai saƙo. Da yamma Orval ya kira, murya kamar zuma. "Ba komai, Teo. Gobe mutum zai zo."

Gobe ta yi, ba mutum. Jibi aka ce mota ce ta maƙale. Teofilo na durƙushe cikin ƙanƙara, hannu har gwiwar hannu a cikin tunkiya, yana juyo ɗan da ya zo a karkace. Wanda ya mutu ya feɗe shi, ya sa wa maraya fatar don uwar mataccen ta karɓe shi. Wayar na ta ruri a aljihu, surukinsa ne.

"Yau kwana huɗu da wucewar ɗaya ga Afrilu, Teofilo! Matar nan ta yi haƙuri. Taho ko da ƙafa ne!"

"Gobe, suruki. An ce gobe."

Sai a rana ta bakwai, bayan wa'adin Colorado ya wuce, motar Orval ta hawo, da sabon makiyayi a gefensa. Orval ya zagaya, ya duba 'ya'yan tumakin, ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro fasfo daga aljihu ya miƙa.

"Aikinka ya yi kyau. Tawa takardar kuma na janye ta tun Litinin. Ba na riƙe wanda zuciyarsa ke wani gida."

Teofilo ya buɗe gwangwanin ya dubi takardun, ya mayar da murfin. Ya nuna wa sabon mutumin tunkiyar da ke ƙin ɗanta, da wadda za ta haihu kafin azahar, sannan ya miƙa masa sandar. Anacleto ya zo ya ɗauke shi, karnuka suka bi motar har gangare, suka juya wajen garke.

Ni takarda ɗaya na riƙe duk zamana, wajen maigida ɗaya, na haɗiye abin da na haɗiye. Teofilo ya fi ni iya tumaki. A bana an ce an gan shi a garin Huancayo, can ƙasarsu Peru, yana tura baro.