Filashin da Ke Cikin Gwangwanin Goro

"Ta sake tsayawa," in ji Malam Badamasi daga kan tabarma, bai ko ɗago kai ba. "Na ji kukan fankarta."

Nasiru mai gyaran waya, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na tsohon, ya harari 'yar kwamfutar da ba ta fi sabulun wanki biyu girma ba. Karo na huɗu ke nan tun hantsi yana ƙoƙarin ɗora mata manhajar saba, wadda za ta riƙa aika wa wayoyin mutane abin da aka adana a cikinta, daga filash. Sai an kai tsakiya ta ce ba ta ga ma'ajiyar cikinta ba. Ga mutane can suna jiransa a shagonsa na Kura.

Shekara talatin Malam Badamasi ya yi yana buɗe ƙofofin ruwa a kanal. Da ya ajiye aiki, sai ya bi dattawan layinsu gida-gida yana naɗar muryoyinsu: wa ke da ruwan Talata, wa ya amince a sakar wa masu gonakin ƙarshen kanal daga Alhamis zuwa Asabar. Ba a taɓa rubuta rabon nan ba, baki ne da amana, kuma bakwai daga dattawan tara sun riga mu gidan gaskiya. Burinsa duk manomin da ya shigo zaurensa ya buɗe wayarsa ya ji da kunnensa, kafin masu manyan gonaki na sama su ce ba a taɓa yin haka ba.

"Baba, filashin nan ne ya lalace. Akwai wani?"

Tari ya sarƙe tsohon, ya kasa amsawa. Matarsa Uwa ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan baƙin filash.

"Wannan zai yi, Nasiru?"

"Zai yi, Inna."

Bai tambayi abin da ke ciki ba. Mutumin da kullum yake yi wa masu kawo waya faɗa kan su kwashe hotunansu kafin gyara! Da zai zuba manhajar a kan filashin, kwamfutarsa ta gargaɗe shi cewa za a goge komai, ya danna mata "eh" kamar mai korar ƙuda.

Aka sake gwadawa, ta tsaya daidai inda ta saba. Sai a lokacin ya leƙa saitinta na asali, ya sauya layi ɗaya kan yadda take karanta ma'ajiya. Nan da nan ta gani. Ashe filashin farko lafiyarsa ƙalau.

Kafin la'asar aiki ya kammala, shafin da suka tsara ya buɗe a wayar Nasiru. Malam Badamasi ya yunƙura ya zauna, abin da ya kwana biyar bai yi ba.

"Alhamdu lillahi. Uwa, ɗauko na cikin gwangwanin goro a zuba mata muryoyin."

"Ai shi na ba Nasiru, Malam."

Nasiru ya ajiye wayarsa. "Baba, ba ka bar su a waya ba?"

"Wayar da ta faɗa kanal bara? Wannan ne kaɗai rumbuna. Ka zuba su, ko?"

Ya dubi ƙafafun tsohon da suka kumbura, ya dubi idanunsa.

"Suna ciki, Baba. Saura in jera su."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka fara da muryar Malam Sammani, shi ya fi su bayani."

Kwana biyu Nasiru bai buɗe shago ba, yana neman dawo da abin da ya goge. Abin da ya samu duka daƙiƙa shida ne: kukan akuya, da wani dattijo yana gyaran murya. Ran Laraba da hantsi Malam Badamasi ya cika, hankalinsa kwance. Wannan kwanciyar hankalin ce ta fi ci wa Nasiru rai, don ya san da ƙarya ya saye ta.

Ran sadakar uku zaure ya cika. Alhaji Iliyasu, mai shinkafar da ke bakin ƙofar ruwa ta farko, ya yi addu'a mai tsawo har da share hawaye, alhali tun jiya buhunan ƙasarsa suke toshe da kanal. Kowa kuwa ya sani.

Da aka watse, Mudassiru, wanda gonarsa ce ta ƙarshe, ya matso.

"Albasata ta fara kwanciya, Nasiru. Marigayi ya ce komai na hannunka. Kunna mana muryar babana, in kai wa mai unguwa."

"Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Na goge su. Ni da hannuna."

Mudassiru bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Ya sa takalmansa ya fita.

Uwa ta leƙo daga tsakar gida. "A kashe abar nan ne? Tana shan batirin sola."

"Bar ta, Inna."

Ya zauna a gefen tabarmar da ba a naɗe ba tukuna. 'Yar koriyar fitilar kwamfutar tana ƙiftawa, fankar tana juyawa lafiya lau. A wayarsa shafin ya buɗe ba gardama, da sunan da tsohon ya zaɓa a sama, Rabon Ruwan Layinmu, ƙarƙashinsa kuwa fari fat.