Bangon Littafin Mori Ma'uda

Sati biyu ya ce. Na ba Farfesa Feldbaum aron littafin addu'o'in mahaifina na sati biyu, ya riƙe shi shekara uku, sannan ya aiko mini da shi a ambulan, babu bango.

Ni ce Rumiya, 'yar Mori Ma'uda Kuhlani; Mori shi ne malam a wurinmu. Ban yi makaranta ba, amma na san littafi da bangonsa yake tafe. Mahaifina ya ɗinke wannan da hannunsa a Yaman, kafin mu taso garin Rosh Ha'ayin, inda nake zaune yanzu. A ƙauyenmu ba kwali, sai ya jera tsofaffin takardun da gara ta ci, ya manne su da ƙullun alkama har su yi tauri, ya rufe da fatar akuya. Ranar da Farfesan ya zo gidana ya cinye burodin kubana guda, ya suɗe hulba, yana ta danna bangon da babban yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ashe ba addu'o'in yake so ba.

'Yata Tirza ce ta samo mujallar da ya yi rubutu a ciki. Ta zauna a kicin tana karanta mini. Wai ya turara bangon, ya ɓare shi, ya fitar da warƙa goma sha huɗu na sharhin malaman farko a kan Attaura, kwafin shekara ɗari bakwai, da layukan da babu su a kowane kwafi. Na ce madalla. Sai ta rufe mujallar.

"Ci gaba mana."

"Yumma, sauran surutun malamai ne."

"Tirza, ni na haife ki. Karanta."

Ta karanta. An rubuta cewa wani jahilin maɗinki ne ya yayyanka takardun don ya yi kwali.

Mutumin da ya koyar da yaran unguwa Mishna, littafin shari'armu, shekara arba'in, da ka, idonsa a rufe. Shi ne jahili, a mujallar da ake karantawa har ƙasashen waje.

Washegari na hau bas biyu zuwa Urushalima. Ofishin Farfesan a hawa na huɗu yake, takardu har kan kujerar baƙi. Na kwashe su na ajiye a ƙasa na zauna.

"Uwargida Kuhlani, da kin bugo waya ai."

"Da ka ɓuya. Yallaɓai Farfesa, wa ka kira jahili?"

Ya cire tabarau ya goge. Wai kalma ce ta aikin bincike, ba da wani yake ba, bai ma san wanda ya yi ɗinkin ba.

"Ka tambaya? Awa biyu kana gidana, bakinka a cike. Fito da takardun."

Ya fito da hotunansu, don su kansu wai suna wani ɗaki mai sanyi, ba a taɓa su da hannu. Abin da muka yi shekara saba'in muna sumbata.

Na ce, "Ni ban iya karatu ba, kai ka duba. Akwai warƙa ɗaya da aka manna a kife? Akwai inda almakashi ya ratsa sunan Ubangiji?"

Ya duba. Ya sake dubawa. Ya ce babu, ya ma lura da hakan a da, ya ɗauka dace ne.

"Dace? Mahaifina sai ya wanke hannu kafin ya taɓa su. Kowace sai ya karanta ta, ya ga inda zai yanka. Ina zaune ina dama masa ƙullun. Takardun binne su za a yi, yadda muke yi wa tsofaffin littattafai masu tsarki, shi ya ce a bango za su fi daɗewa."

Nan mutumin nan ya miƙe yana zagaya tebur, yana cewa abin sha'awa, wannan ai maƙala ce guda. Na ce ya ajiye maƙala ya goge zagi tukuna. Na kuma gaya masa akwai sauran littattafai huɗu na ɗinkin mahaifina a gida, kuma bayan Idin Ƙetarewa majami'armu za ta kai tsofaffin littattafai maƙabarta. Sai ga shi ya zauna.

"Ba za ki yi haka ba."

"Gwada ni."

Wata bakwai na jira. Gyaran ya fito a ƙasan shafi na ƙarshe, da haruffa kamar ƙwan kwarkwata, sai da Tirza ta sa tabarau biyu. Wai maɗinkin shi ne Mori Ma'uda Kuhlani, wanda ya ceto takardun ba da saninsa ba.

Na sa ta ta kira Farfesan. Ya ce shi ya yarda da ni, editoci ne ba su yarda ba. Maganar baki ba hujja ba ce a wurinsu, bango ɗaya kuma bai isa ba. In ana so a rubuta cewa da saninsa ya yi, sai an ɓare wani bangon an gani.

Wato in wanke sunan mahaifina, sai in ba da aikin hannunsa a lalata. Tirza ta ce in ƙyale, wa ke karanta ƙasan shafi? Na ce jikokinsa, wata rana.

Na ɗauki ƙaramin cikinsu, na Zabura. Amma kafin Farfesan ya taɓa shi, sai da ya rubuta abin da za a buga, editan ya sa hannu, Tirza ta karanta mini sau biyu. Kwana uku ina zuwa ina zama a bayansa yana turarawa, yana zare warƙa da ɗan hantsaki, yana roƙona in daina numfashi a wuyansa. Fatar akuyar da ta saki, warin gidanmu na Yaman ya taso, sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Warƙa tara suka fito. Duk a miƙe, babu sunan da aka ratsa.

Sun buga a shafin farko wannan karon, sunan mahaifina a sama, da cewa malami ne, kuma ya san abin da yake yi. Na sa aka karanta a majami'a ranar Asabar, bayan addu'a, kowa na zaune.

A ƙarshen maƙalar Farfesan ya ƙara layi ɗaya, wai yana fatan iyalin za su ba da damar a binciki sauran ukun. Ya bugo waya sau huɗu a wannan satin. Na ce wa Tirza ta gaya masa ina tuya.